Yatsu Biyu Zuwa Dama

Shekara goma sha ɗaya tana durƙushe
a bayan gidanmu na Tudun Wada,
akori-kurar Baba Nalado, Fijo mai ruwan toka,
kaji na saka ƙwai a gindin giyarta.
Ran Asabar muka ɗaure ta da igiyar guga
aka ja ta har Kwangila, garejin Jatau.

Injin da na sayo ba ɗan gidansu ba ne.
Mai shan dizal, mai faɗin ƙirji,
yana reto a sarƙa ƙarƙashin dalbejiya
kamar san da aka rataye a mahauta.
Ilu yaron gareji na sassauta sarƙa a hankali,
sai ƙwas!
Kafaɗar injin ta daki sandar sitiyari.
Aka ɗaga. Aka sake saukewa. Ƙwas.

Jatau bai ce uffan ba.
Ya furzar da tukar goro, ya kwanta kan kwali,
ya shige ciki har sai silifas ɗinsa ake gani.
Da ya fito, alli a bayan kunne,
ya ɗaga yatsu biyu:
"Zai matsa dama. Kamar haka."

Ni malamin lissafi ne.
Shekara ashirin ina raba da'ira biyu a allo,
ina buga tebur kan layin da ya kauce.
Na ce, "Tsakiya fa?
Wanda ya ƙera ta a tsakiya ya ajiye nasa."
Ya ce, "Nasa ya ajiye, Malam. Wannan baƙo ne.
In ka ce sai tsakar tabarma zai zauna,
to mu yanke sitiyari, ka riƙa shan kwana da addu'a."

Ilu ya yi dariya har sifana ta suɓuce masa.

Jatau ya ja zare daga hanci zuwa wutsiya,
ya ɗiga alli a shasi, nan, da can.
"Ba matsawa ke kashe mota ba, karkacewa ce.
Goshi ya matsa biyu, giyabos ma biyu,
kada ɗaya ya ɗara ɗaya ko da ƙwayar gero.
Su jera da zaren nan, kada su kusance shi, kada su guje shi.
Farfela tana da gwiwa,
za ta rusuna ta karɓa."
Na yi gum.
Darasin 'yan aji biyu ne wannan,
layukan da ke tafiya tare ba su gamuwa,
amma ban taɓa ganinsa da baƙin mai a farce ba.

Walda ta ci yini biyu, don wuta ta ƙi zama.
Sabuwar kujerar inji ta fito,
ƙafar hagu doguwa, ta dama guntuwa,
mummuna kamar facin buhu.
Aka lallasa bangon gaban fasinja da guduma
don salansa ta sami hanyar wucewa.
Jatau ya zura tafinsa tsakanin ƙarfe da ƙarfe,
ya shiga, ya fito, babu ƙwarzane.
"In ramukan hanyar Maƙarfi sun sa shi rawa,
ga fili nan, ya taka."

La'asar ɗin Talata ta yi tari,
ta sake tari,
ta kama.
Ba muryar da na sani ba ce,
wadda ke tashinmu kafin assalatu
in Baba zai tafi ɗauko rake.
Wannan ta fi kauri.
Sai da na ɗan ji haushinta.

Na shiga.
Kujerar direba na nan da lotsawar jikinsa,
ramin ya fi ni faɗi.
Na leƙo ta taga:
"To nauyin fa? Ba za ta rinjaya dama ba?"
Jatau na goge hannu da tsumma,
ko ɗago kai bai yi ba.
"Kai a wane ɓari kake zaune?"

Na sa giya.
A kan gadar Kubanni na saki sitiyari,
na ƙirga ɗaya, biyu, uku,
ta miƙe sak,
ni a hagu cikin ramin Baba,
baƙon a dama yana gurnani,
wani tsohon gashin kaza ya taso daga ƙarƙashin kujera
ya fice ta taga.

Saura dubu tara na Jatau.
Na ce masa Juma'a.